Yadda za ka zaɓa tsakanin haɗe bashin karatu da biyansa a lokacin da aka ɗaga maka ƙafa a Amurka

Wanda ya yi karatu a Amurka da rancen gwamnatin tarayya, ko ɗansa ya yi, ya san ba bashi ɗaya ake fitowa da shi ba. Kowace shekarar karatu da nata rancen, kowane rance da nasa kuɗin ruwan. Mutum zai gama digiri ya tarar da basussuka shida ko takwas a kansa. Idan kuma aka ɗaga masa ƙafa, wato aka dakatar da biyan wata-wata saboda ya koma makaranta, ko ya rasa aiki, ko hannunsa ya yi ƙasa, sai 'yan shawara su rabu biyu. Wasu su ce ya haɗe basussukan su zama ɗaya ya huta, wasu su ce ya ci gaba da biya ko da ba a neme shi ba.

Ra'ayina a fili yake. Haɗewa ba ta rage ko sisi daga abin da ake bin ka. Biya ne kaɗai ke ragewa. Haɗewa tana da amfani ne idan akwai wani shiri na gwamnati da ba za ka iya shiga ba sai da ita. In babu irin wannan dalilin, kuɗin da ke hannunka ya fi amfani a kan bashin da ruwansa ke gudu yanzu. Amma kada ka ɗauki maganata haka nan, bi matakan nan ka yi lissafin da kanka.

Ga ɗalibanmu na Najeriya da suka ci bashin NELFUND, wannan bayani bai shafe ku ba. Dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ba ta ɗora ruwa a kan wancan bashin ba, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Na Amurka shi ne mai ruwa, kuma ruwan ne dukan matsalar.

Mataki na ɗaya: fito da kowane bashi fili

Shiga StudentAid.gov da sunan shigarka da kalmar sirrin da ka cike takardar FAFSA, wato takardar neman tallafin karatu ta gwamnatin tarayya, da su. A nan za ka ga duk bashin gwamnatin tarayya da ke kanka. Ɗauki takarda da biro, ka yi wa kowane bashi layi guda: sunansa, uwar kuɗin da ta rage, kashi nawa ne ruwansa, ruwa nawa ya taru ba a biya ba, da kamfanin da ke karɓar biya a madadin gwamnati, ko MOHELA ne, ko Nelnet, ko Aidvantage, ko Edfinancial.

Bashin banki ko na kamfani mai zaman kansa ba ya fitowa a wannan shafin. Shi sai ka duba rahoton tarihin bashinka, wanda ake samu kyauta a AnnualCreditReport.com. Rubuta shi a takarda daban, domin ba ya shiga haɗewar gwamnati, kuma ƙa'idojinsa na cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu.

Mataki na biyu: gane wanda ke barci da wanda ke gudu

A gaban sunan kowane bashi za ka ga ɗaya daga cikin kalmomi biyu. Wanda aka rubuta wa Subsidized shi ne mai tallafi: gwamnati ce ke ɗaukar ruwansa muddin kana makaranta aƙalla rabin lokaci, da watanni shidan nan na sararawa bayan ka gama, da lokacin ɗaga ƙafa irin ta Deferment, wadda za a bayyana a ƙasa. Yadda ka bar shi haka za ka same shi. Wanda aka rubuta wa Unsubsidized shi ne marar tallafi, kuma tun ranar da aka tura kuɗin makaranta ruwansa ya fara taruwa, bai tsaya ba har yau. Haka ma bashin PLUS, na iyaye da na masu babban digiri.

Sai ka duba wasiƙar da aka aiko maka da kyau, don ɗaga ƙafar iri biyu ce. Idan an rubuta Deferment, to masu tallafinka suna barci. Idan Forbearance aka rubuta, babu mai barci, duka suna tara ruwa har da masu tallafin. Mutane da yawa suna kiran kamfani su ce ba za su iya biya ba, a sa su a na biyun saboda ya fi saurin samuwa, alhali sun cancanci na farkon. Rashin aiki da matsin tattalin arziki kowannensu yana ba da damar Deferment har na tsawon shekara uku gaba ɗaya. In ka ga an sa ka a wanda bai dace ba, cike takardar neman na farkon kafin ka yi komai.

Mataki na uku: lissafa abin da ɗaga ƙafar ke ci maka

Bari mu ɗauki misali da ainihin kuɗin ruwan shekarun nan. A ce wata ɗaliba tana da basussuka uku. Mai tallafi na dala 4,500 da ta karɓa a zangon 2021 zuwa 2022, ruwansa kashi 3.73 cikin ɗari. Mai tallafi na dala 5,500 daga zangon 2022 zuwa 2023, ruwansa kashi 4.99. Sai marar tallafi na dala 20,500 da ta karɓa don digiri na biyu a zangon 2024 zuwa 2025, ruwansa kashi 8.08. Jimla dala 30,500. Ta gama, aiki bai samu ba, aka ɗaga mata ƙafa irin ta Deferment.

Ruwan bashin gwamnati kullum ake lissafa shi. Ka ninka uwar kuɗi da kason ruwa, ka raba da 365.25. A bashinta na uku, dala 1,656 ke nan a shekara, kusan dala 4.5 kowace safiya, wajen dala 138 a wata. Biyun farko kuwa sifiri.

Ga inda abin ya fi ciwo. Ranar da ɗaga ƙafar ta ƙare, duk ruwan da ba a biya ba a kan marar tallafi ɗora shi ake yi a kan uwa, ya zama uwa shi ma, ya fara haifar nasa ruwan. Tun 1 ga Yulin 2023 Ma'aikatar Ilimi ta daina wannan ɗorawar a yanayi da dama, amma ta ƙarshen Deferment tana nan daram, saboda a cikin dokar majalisa take. Idan ɗalibarmu ta yi shekara biyu ba ta biya komai ba, ruwan waɗannan shekaru biyun kaɗai ya kai dala 3,313. Uwa ta tashi daga 20,500 ta koma 23,813, ruwan shekara kuma ya ƙaru da kusan dala 268. Wannan ƙarin ba na littafi ba ne, ba na kuɗin makaranta ba ne, ladan jira ne kawai.

Mataki na huɗu: tambayi kanka me kake nema a wajen haɗewa

Dalilan da suka isa a haɗe bashi ba su da yawa.

Na farko, tsohon bashi. In ka yi karatu kafin tsakiyar 2010, mai yiwuwa bashinka na shirin FFEL ne, wanda bankuna suka bayar gwamnati ta tsaya musu. Akwai kuma Perkins, wanda makarantu ke bayarwa har zuwa 2017. Waɗannan ba sa shiga shirin PSLF, wato yafiyar da ake yi wa mai aikin gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba bayan ya yi biya 120 da suka cika sharaɗi. Sai an haɗe su sun koma bashin Direct, wato wanda gwamnati ke bayarwa kai tsaye, kafin a fara ƙirga maka. Malamin makarantar gwamnati ko nas a asibitin da ba na riba ba, idan yana da FFEL, to haɗewa ta zama masa tilas. Sai dai a kula da Perkins, yana da tasa yafiyar ta daban ga malamai da ma'aikatan jinya da wasu ayyuka, kuma da zarar an haɗe shi ta tafi. Ana iya cire shi daga cikin waɗanda za a haɗe.

Na biyu, wanda bashinsa ya riga ya faɗa ramin gaza biya. Haɗewa hanya ce ta fitowa, ko dai bayan biya uku a jere, ko ta amincewa da tsarin biya gwargwadon albashi. Amma wanda aka ɗaga wa ƙafa bai kai can ba tukuna.

Na uku, basussuka a hannun kamfanoni daban-daban har mutum yana mantawa da wani. Wannan ne dalilin da aka fi ambata, kuma shi ne mafi rauni. Galibin masu bashin Direct kamfani ɗaya ne ke riƙe da duka basussukansu, takardar biya ɗaya ake aiko musu. Idan haka naka yake, sauƙin da kake nema kana da shi tun tuni.

Akwai kuma sabuwar dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, wadda ta sa haɗewa ta ƙara nauyi. Bashin da aka haɗe sabon bashi ne, da sabuwar ranar haihuwa. Duk bashin da aka bayar daga 1 ga Yulin 2026 zuwa gaba, hanyar biya biyu kawai gare shi: sabon tsarin biya na bai-ɗaya, ko sabon shirin RAP mai bin albashi. Wanda aka bayar daga 1 ga Yulin 2027 kuma ba shi da ɗaga ƙafa ta rashin aiki ko ta matsin tattalin arziki. Ke nan mai tsohon bashi da ya haɗe bayan waɗannan ranaku yana iya zubar da damar da yake riƙe da ita da hannunsa. Kafin ka danna komai, duba kalanda, sannan ka sa kamfaninka ya rubuto maka tsare-tsaren biyan da za su rage maka bayan haɗewa, da abin da zai faru da adadin watannin da aka riga aka ƙirga maka na yafiya.

Mataki na biyar: gwada haɗewar a takarda

Mutane suna zaton haɗewa tana saukar da ruwa. Ba ta saukarwa. Ana ɗaukar matsakaicin ruwan duka basussukan gwargwadon girman kowanne, sannan a ɗaga shi sama zuwa mataki mafi kusa, inda kowane mataki kashi 0.125 ne, wato ɗaya bisa takwas na kashi ɗaya. Sama kawai ake yi, ba a yin ƙasa. Kamar mai buhu uku ne ya juye su a babban buhu ɗaya, nauyin yana nan, har da ɗan ƙarin na sabon buhun.

A misalinmu, in muka ajiye ruwan da ya taru a gefe don sauƙin lissafi, matsakaicin ya kama kashi 6.881. Matakin da ke ƙasa da shi 6.875 ne, ya wuce shi da ƙiris, don haka sai a kai shi kashi 7 cif. Daga ranar, bashin nan na kashi 3.73 ya zama na kashi 7, kuma babu sauran wani mai kashi 8.08 da za ta ware ta far masa shi kaɗai. Wannan ce asarar da ba a cika faɗa ba. Sannan duk ruwan da ya taru a ranar haɗewa ake mayar da shi uwa, ba sai an jira ƙarshen ɗaga ƙafa ba.

Abin da ke jan mutane shi ne biyan wata da ke raguwa, kuma gaskiya yana raguwa, amma ta hanyar tsawaita shekaru. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, bashin da aka haɗe kafin 1 ga Yulin 2026 yana samun wa'adin shekara 10 zuwa 30 gwargwadon girmansa, kuma mai dala 20,000 zuwa ƙasa da 40,000 shekara 20 ake ba shi. Dala 30,500 a kan kashi 7, idan za a biya a shekara 10, kusan dala 354 ne a wata, ruwan gaba ɗaya wajen dala 12,000. A shekara 20 biyan wata ya sauko zuwa dala 236, ruwan kuma ya haura dala 26,000. Ta samu sauƙin dala 118 a wata, ta saye shi da dala 14,000.

Kuma ba a warware haɗewa. Da zarar an biya tsofaffin basussukan da sabon, sun mutu ke nan.

Mataki na shida: idan biya ka zaɓa, ga yadda ake yinsa

Kafin komai, kada ka kwashe duk abin da ke asusunka ka zuba wa bashin da ba a matsa maka a kansa ba. Wanda aka ɗaga wa ƙafa saboda rashin aiki yana buƙatar kuɗin haya da na abinci na 'yan watanni a ajiye. Kuɗin da ya shiga bashin karatu ba ya dawowa ranar da mota ta lalace. Idan kuma akwai bashin katin banki a kanka, shi ne farko, don ruwansa yakan ninka na karatu.

Bayan wannan, ka jera marasa tallafi daga mai ruwa mafi tsada zuwa ƙasa. Duk abin da ya samu, kan na saman zai tafi. Doka ba ta yarda a ci tarar wanda ya biya bashin karatu kafin lokaci ba, ko na gwamnati ne ko na banki, kuma biya a lokacin ɗaga ƙafa ba ya soke ɗaga ƙafar. Wata ka biya dala 200, wata ka biya 40, wata ba ka biya komai ba, babu wanda zai rubuta maka laifi.

Mafi ƙarancin abin da ya kamata ka sa a gaba shi ne ruwan wata. Ɗalibarmu in ta iya fitar da dala 138 duk wata, ranar da ɗaga ƙafa ta ƙare za ta tarar babu sabon ruwan da za a ɗora mata. Abin da ya haura haka, bayan an share ruwan da ya taru, shi ke fara cin uwa. Haka tsarin yake: kuɗinka ruwa yake fara biya, sai ya ƙare sannan ya taɓa uwa. Kada ka yi mamaki idan ka biya sau biyu ka ga uwar ba ta motsa ba.

A nan ne ake yawan yin ɓarna. Idan ka tura kuɗi haka kawai, kamfanin zai raba shi bisa nasa tsarin, wani kaso ma yana iya faɗawa kan bashin da ke barci. A shafin biya akwai wurin da ake zaɓar bashi ɗaya-ɗaya a rubuta adadin da ake so ya shiga kowanne. Yi amfani da shi duk lokacin da za ka biya. Bayan kwana uku ko huɗu ka koma ka duba inda kuɗin ya sauka, ka ɗauki hoton shafin ka ajiye. In ya sauka inda ba ka ce ba, rubuta musu ta akwatin saƙon shafin su gyara, kada ka tsaya a waya kawai, don magana a waya ba ta barin shaida.

Kuɗi mai kauri, irin rarar harajin da ake dawo wa mutane a farkon shekara, ko kwasar adashin da 'yan uwanmu na Bronx da sauran garuruwa ke yi, ka san ranar da ɗaga ƙafarka za ta ƙare ka sa shi ya shiga aƙalla mako biyu kafin ranar. Ruwan da aka biya kafin a ɗora shi da wanda aka biya bayan an ɗora shi ba ɗaya ba ne.

Wani zai ce ai shi damuwarsa ba lissafi ba ce, haramcin riba ne. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya nunawa shi ne bashi mai tallafi da aka biya gaba ɗaya kafin ɗaga ƙafa ta ƙare, ba a biya ruwan wannan lokacin a kansa ko kobo. Amma wanda ke da iri biyun, in burinsa ya rage yawan ruwan da zai fita daga aljihunsa, to marar tallafin ne zai fara kashewa, domin shi ke haihuwa a yanzu. Mai tallafi ya jira layinsa.

Akwai wanda wannan shawarar ba ta yi wa daidai ba: mai bin hanyar PSLF. Shi duk dalar da ya biya sama da wajibi, ya rage ne daga abin da za a yafe masa. Kuma watannin ɗaga ƙafa ta komawa makaranta ba a ƙirga su cikin 120 ɗin, ko da ya biya a cikinsu. Idan yana aikin da ya cancanta, gara ya nemi a cire shi daga ɗaga ƙafar, ya shiga tsarin biya gwargwadon albashi, inda biyan zai iya zama kaɗan ƙwarai amma wata yana shiga lissafi.

Mataki na bakwai: idan haɗewar ce ta kama

A StudentAid.gov ake cike takardar, kuma kyauta ce. Duk wanda ya kira ka a waya ya ce ka biya shi ya haɗe maka, ko ya nemi kalmar sirrinka, kashe wayar. Abin da zai yi maka kai ma za ka yi shi a zama ɗaya.

Bashin da ke cikin ɗaga ƙafa ana iya haɗe shi, amma wanda ka karɓa don karatun da kake kai yanzu sai ka gama ko ka bar makarantar. Idan kana cikin watanni shidan sararawa, akwai gurbin da za ka rubuta watan da sararawar za ta ƙare don a jinkirta aikin zuwa lokacin. In ka bar shi fayau, ragowar watannin sun tafi, biya kuma zai fara cikin kwana 60 da kammala haɗewar. Haka ɗaga ƙafar da kake ciki, kada ka ɗauka za ta bi ka zuwa sabon bashin, ka sake nema ka ga amincewa a rubuce.

Ba dole ba ne ka zuba duka. Zaɓi waɗanda ke buƙatar haɗewar kawai, misali FFEL, ka bar mai ruwa mafi tsada a waje don ka ci gaba da ragargazarsa. In kana da hali, share ruwan da ya taru kafin ka miƙa takardar. Za a aiko maka da jerin basussukan da za a haɗe tare da 'yan kwanakin da za ka iya fasawa ko cire wani. Karanta shi layi-layi, wannan ce damarka ta ƙarshe. Idan kuma ka manta da wani bashin, kana da kwana 180 ka ƙara shi.

Kada ka rikita wannan da tayin da kamfanoni masu zaman kansu ke yi na saye bashinka su ba ka sabo da ruwa mai sauƙi. Su kam suna iya saukar da ruwa ga mai albashi mai kyau da tarihin biya mai tsabta. Amma bashin ya fita daga hannun gwamnati har abada: babu PSLF, babu biya gwargwadon albashi, ɗaga ƙafa sai abin da suka ga dama. Bashin gwamnatin tarayya ana shafe shi idan mai shi ya rasu, ba a bin magada, na kamfani kuwa ya danganta da abin da ke cikin yarjejeniya, kuma yana iya shafar wanda ya tsaya maka. Wanda aikinsa bai tsaya da ƙafafunsa ba har ake ɗaga masa ƙafa, ba shi ne zai yi wannan cinikin ba.

Mataki na takwas: wata guda kafin ɗaga ƙafar ta ƙare

Tabbatar adireshinka da imel ɗinka na shafin kamfanin daidai suke. Zaɓi tsarin biyan da za ka shiga tun kafin takardar farko ta iso, kuma ka kunna cire kuɗi kai tsaye daga asusunka, don yana rage maka kashi 0.25 na ruwa, ragin da ba ya aiki a lokacin ɗaga ƙafa. Ruwan da ka biya a shekara, har zuwa dala 2,500, ana iya cire shi daga kuɗin shigar da za a yi wa haraji idan albashinka bai wuce iyakar da aka sa ba. Kamfanin zai fitar maka da takardar 1098-E idan ruwan ya kai dala 600, in bai kai ba ma adadin yana cikin shafinka.

Idan ranar ta matso ka ga ba za ka iya biya ba, kira su kafin ranar, ba bayanta ba. Biyan da ya makara kwana 90 ana kai rahotonsa ga hukumomin tarihin bashi, a kwana 270 kuma bashin ya faɗa gaza biya, inda gwamnati ke da ikon riƙe rarar harajinka da yankar albashinka ba tare da ta je kotu ba.